Binne a Bokitin Fenti

Makarantarmu tana hawa na uku a wani tsohon bene a unguwar Mansura, tsakanin doguwar kujerar falo da firji. Ɗalibai biyu ne, 'yar farina da ƙanenta. Ni ce hedimasta, ni ce malamar aji, ni nake buga ƙararrawa da cokali a murfin tukunya, ni ce kuma mai abincin tara da ba a taɓa biyanta ba. Baban yaran karatun digiri na uku ya kawo shi Doha, kuma tallafin da ake ba shi bai isa ko kallon ƙofar makarantun yara na garin nan ba. Da yake na koyar a firamare kafin mu taso daga gida, sai na ce allo dai allo ne. Muka sayo ƙaramin farin allo muka jingina shi a jikin talabijin.

Abin yana tafiya daidai gwargwado. Yarinyar, wadda a lokacin take cikin shekara ta takwas, tana karanta Hausa da Turanci, Larabcinta kuwa ya fi nawa nesa ba kusa ba saboda yaran maƙwabta. Halinta irin na alƙalai ne. In ka faɗi magana yau, za ta ajiye maka ita har watan gobe. Ƙanen nata yana ƙirge har inda ya ga dama, daga nan sai ya ce khalas, wato ya gama, ya miƙe a ƙasa kamar buhun da aka jefar.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan kira surukata ta bidiyo. Hajiya tana can ƙauyensu wajen Dutsin-ma, tsohuwa ce mai barkwanci, yarinyar ƙawarta ce, yaron kuma angonta. Wata Juma'a cikin bazara ta sa aka ɗebo gero daga rumbu za a yi sussuka, sai ta ɗaga zangarniya guda ta kara a fuskar waya, ta ce ƙawarta ta faɗa mata mene ne wannan. Yarinyar ta ƙura ido, ta yi nazari irin nata, ta ce burushin wanke kwalba ne. Hajiya ta yi dariya har waya ta karkace muka koma kallon sama. Da ta dawo ta tambayi angonta daga ina tuwo yake zuwa. Ya ce daga jirgi. Bai yi ƙarya ba, garin tuwonmu a akwatin matafiya yake iso mu.

A nan dariyar Hajiya ta tsaya.

"A kawo mini ƙawata," ta ce da ɗanta. "Ga makaranta nan bayan gidanmu, ga 'yan'uwanta. Ba za a bar mini jika ta tashi a cikin kwali ba ta san ƙasa ba."

Baban yaran ya sosa ƙeya, ya ce to Hajiya, a bari zuwa daminar baɗi. Iyakar abin da ya iya ke nan, ban kuma ga laifinsa ba. Ni kuwa ina gefe ina ninke wanki, na ci gaba da ninkewa. A wajenmu uwa ba ta da baki a kan 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta nuna ta damu da ita a gaban surukai, in kuma aka ce a ba da ita riƙo sai ta kau da kai kamar ana maganar 'yar maƙwabta. Ni ma a hannun kakata na tashi, ba abin da na rasa a wurinta, amma har yau ni da mahaifiyata gaisuwa ce kawai take haɗa mu, daga lafiya lau sai a yi shiru. Ban so haka tsakanina da yarinyar nan ba. Ba ni da halin cewa a'a, don haka na ƙudurta cewa kafin daminar baɗi sai ta san ƙasa sanin da Hajiya za ta rasa hujja.

Ranar Asabar na ƙara sabon darasi a makarantarmu. Na raba allo gida huɗu na rubuta damina, kaka, ɗari, bazara, na ce su leƙa taga su gaya mini wanne muke ciki. Suka leƙa. Babu komai sai bangon benen da ke kallonmu da injinan esi jere a jikinsa suna ɗiga. Yaron ya ce shi dai lokaci biyu ya sani, lokacin da ake kunna esi da lokacin da Baba yake cewa a kashe. Yayarsa ta ce in damina gaskiya ce, a nuna mata.

Na ce za a nuna mata. Na tara su a banɗaki, na ba yaron tire da muciya ya riƙa yin tsawa, na ɗora babansu a bakin ƙofa da mafici a matsayin iska, ni kuma na ɗaga kan shawa sama na murɗa famfo. Na manta wane wata muke ciki. A Doha in zafi ya kama, tankin da ke kan rufi yini yake yana dahuwa, ruwan da ake kira na sanyi sai ya fito kamar za a fige kaza. Ɗalibaina suka watse da ihu, iska ta jefar da mafici ta bi su. Da aka natsu yaron ya ce shi ya fasa zuwa Najeriya in haka ruwan samansu yake.

Iri kuwa Hajiya ce da kanta ta aiko mana, ba tare da ta san yaƙi nake shiryawa da shi ba. Cikin saƙon daddawa da kuka ta ƙullo gero da wake da kuɓewa a tsumman atamfa. Na kwaso bokitan fenti da masu gyaran benenmu suka zubar, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi. Saura ƙasa. Muka je wajen masu sayar da shuke-shuke a Abu Hamour, ni jikar manoma na tsaya a layi na sayi ƙasa a leda, har da cewa na gode. A mota na sa baban yaran ya yi mini alkawarin ba zai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Kafin mu iso Mansura ya riga ya aika wa ƙannensa hoto.

Da Hajiya ta ce ruwan shuka ya sauka a can, muka yi shuka a nan. Ban tsaya tunani ba, jikina ne ya gaya mini lokaci ya yi, kamar yadda yake gaya mini tun ina yarinya. Muka jera bokitai a baranda, kowa ya tona da yatsa ya zuba ya rufe. Suka kuwa tsiro, kore shar, har yarinyar ta yi murmushin da ba kasafai take yi ba. Yaron kullum da safe sai ya tono wakensa ya duba ko ya ƙara girma ta ƙasa, ya mayar.

Ba su yi nisa ba. Rana ta doke su ta gaba, injin esinmu da ke barandar ya hura musu wuta ta baya, bokitan kansu in ka taɓa sai ka janye hannu. Yaron ya tsaya musu da lema har ya gaji. Muka shigo da su falo, suka yi fari, suka yi tsawo siriri suna leƙen taga, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta tambaye ni ko dai irin ne ba ya son garin nan. Na ce mata iri ba shi da laifi. Haushi ya ishe ni, na tura bokitan lungun baranda na daina kallonsu, kuma duk Juma'a in Hajiya ta ce geronsu ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya fid da kai, sai in ji kamar ƙirga mini kwanaki take yi.

Tunda ba abin nunawa, sai na koma ba da labari. Ina cewa darasi nake yi, amma kewar gida ce take magana da bakina. Na ba su labarin shamuwa, yadda take dawowa ta yi sheƙa a kan bishiyar tsakar gari, kowa ya san ruwa ya kusa. Na gaya musu yadda gabas take yin baƙi ƙirin da la'asar, iska ta taso mai sanyi, mata su fito a guje suna kwashe shanya, awaki suna kuka, kwanon rufi ya fara amsawa ɗaya-ɗaya kafin ya rikice gaba ɗaya har ba ka jin maganar na kusa da kai. Na gaya musu kukan kwaɗi, da ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski da yake fitowa bayan ruwan farko, muna ɗora shi a tafin hannu ya dunƙule don kunya. Yaron yakan yi barci a tsakiya. Yayarsa kuwa ba ta ko ƙifta ido, sai ta ce in sake na shamuwa.

Wajen watan Nuwamba zafi ya sassauta, aka fara buɗe tagogi. Wata safiya yarinyar ta fita shanya tawul, sai ta dawo ta kama hannuna ta ja ni baranda. A cikin bokitin da ke ƙarƙashin igiyar shanya, inda wanki yake ɗiga, wake guda ya tsiro da kansa, gajere, kakkaura, ganyensa a buɗe. Na ce mata wannan shi ake kira gyauro, abin da ya fito ba wanda ya shuka shi. Ta ce to ai shi ya san lokacinsa, mu ne ba mu sani ba. Na duba titi, ga motocin ma'aikata suna sauke furanni ana dasawa a shataletale. A gida ana ɗaure dammuna ana kai wa rumbu, a nan kuwa yanzu ake fara shuka. Raina bai so ba, ji nake kamar an ce in sa zane a bai-bai, amma waken yana tsaye a gabana.

Yarinyar ce ta kai wa Hajiya labarin gyauron, kuma daga ranar wayar ta tashi daga ta Juma'a ta koma ta kusan kullum. Hajiya ta ce tunda garin naku ruwa sai ya ga dama, ku yi binne. Ta bayyana mata cewa manomi yakan zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya rufe ya tafi gida, ya bar wa Allah sauran. Muka juye ragowar irin da ke cikin tsumma muka binne. Daga nan alƙaliya ta kafa doka cewa ba mai zuba ko ɗigo, don Hajiya ta ce binne ruwan sama yake jira. Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa a ƙasar nan ana iya shekara ruwa bai yi abin kirki ba. Ta ce ni ce na ce a riƙa jin maganar manya. An kama ƙanenta sau biyu yana ba bokitinsa ragowar shayi a ɓoye, aka yi masa shari'a a falo, aka yanke masa hukuncin kwashe takalma.

Ina jin su da Hajiya suna ta hira a kan noman farko da maimai, da yadda ake gane gero ya yi ciki, ina murna a raina. Ga hujjata tana haɗuwa, kuma da bakin mai ƙarar. A watannin sanyin nan mukan rufe makaranta da wuri mu hau jirgin ƙasa na metro zuwa bakin teku, mu ga tsuntsayen da suka zo daga wasu ƙasashe suna kiwo a taɓo. Duk mai dogayen ƙafafu da ta gani sai ta tambaye ni ko shamuwa ce. In na ce a'a sai ta ce to, ta ci gaba da dubawa.

Ruwan ya zo wata safiya muna tsakiyar lissafi. Yaron ne ya fara ji, da yake kunnensa ba ya kan allo. Muka ruga baranda, ga ruwa yana sauka a titi sosai, ga bokitanmu a bushe ƙamas. Barandar hawa na huɗu ta yi musu rumfa. Duk tsawon jiran nan ba wanda ya ɗaga kai ya lura, har mai digiri na uku.

"Yalla, Umma, a sauka da su," in ji yarinyar.

Na zura hijabi, na ɗora bokiti ɗaya a ka na riƙo ɗaya, ita ta rungumi nata, yaron yana biye yana ba da umarni. Muka sauka muka jera su a bakin titi gaban shagon mai shayi, muka koma muka kwaso sauran. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa suna kallon matar da ta fito da bokitan ƙasa tana tsaye a kansu cikin ruwa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Zangon Kumasi ta dawo daga aiki, ta tambaye ni ko lafiya, da na gaya mata ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ajiye jakarta ta tsaya tare da mu. Ruwan sanyi ne mai shiga ƙashi, ba tsawa, ba ƙamshin ƙasa sai warin kwalta. Kafin mu gama jiƙewa ya ɗauke.

Yarinyar ta cusa yatsa a bokiti yadda aka koya mata, ta ce bai kai ba. Aka kira Hajiya. Ta saurari ƙarar da kyau, ta ce tunda sama ta buɗe da kanta, babu laifi a ƙarasa da buta.

Kuɓewa ta tsiro ta yi fushi da sanyi, ba ta ƙara ko taƙi ba. Wake ya yi yaɗo ya kama ƙarfen baranda. Gero ya yi ta jan ƙafa har sai da iska ta fara ɗumi, sannan ya miƙe, kara uku suka rayu, ɗaya ya fid da kai. Da ya fara ido sai tsuntsayen unguwa suka samu labari. Na naɗa yaron sarkin korar tsuntsaye, na ba shi gwangwani da cokali, kuma ban taɓa ganin wanda aiki ya dace da shi haka ba. Sai da mutanen hawa na huɗu suka aiko a tambaya ko wani abu ya same mu.

Ranar da muka yanke zangarniyar, Juma'a ce. Tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba, rabinta ma tsuntsaye sun riga sun karɓi zakka. Yarinyar ta riƙe ta da hannu biyu a gaban waya. Ba wanda ya tambaye ta, ita ta fara, tun daga binne har girbi, da abin da ya kashe shukar farko, da dalilin da ya sa lokacin shukar nan ya saɓa da na gida. Hajiya ta yi ta gyaɗa kai. Da aka gama ta goge ido da bakin mayafi, ta ce a ba ta uwar yaran. Na matso na durƙusa kamar tana gabana.

"'Yar nan, kin yi ƙoƙari," ta ce. "Na janye maganata. Ku riƙe ta, Allah ya yi musu albarka."

Na ce amin, na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba tun da muka zo garin nan. Ina shirin miƙewa sai yarinyar ta leƙo ta kafaɗata.

"Hajiya, ni ina so in zo. Ina so in ga shamuwa, in ga hadari ya taso daga gabas. Na bokiti ba shi ne na gaske ba, Umma ta ce na gida ya fi."

Hajiya ni take kallo ta cikin wayar, kuma na ga ta gane komai, har abin da ya sa aka sayi ƙasa a leda. Ta ce wannan magana ba tata ba ce kuma, tsakanin ƙawarta ne da uwarta. Ban taɓa jin an miƙa wa uwa maganar 'yar fari a hannu haka ba, kuma da ta san nauyin abin da ta miƙo mini, wataƙila da ta riƙe kayanta.

Da yamma na zaunar da yarinyar zan yi mata kitso, don ya fi mini sauƙi in yi magana tana ba ni baya. Na tambaye ta ko ta san in ta tafi ba za ta gan mu ba sai bayan watanni. Ta ce ta sani. Na ce babu esi, akwai sauro, wuta sai ta ga dama. Ta ce ai na faɗa, amma ni ɗin ce kuma na ce duk da haka ba inda ya kai can daɗi in ruwa ya sauka. Ta tambaye ni ko ba haka ba ne. Da na ce mata na ƙara gishiri, da ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba, da kuma ta zauna. Na daɗe ina tsaga layi ɗaya da tsinke. Na ce mata haka ne.

Babanta ya kai ta da ya samu hutu, a kan za ta yi damina ɗaya, ta shiga makarantar da ke bayan gidan Hajiya tare da 'yan'uwanta. Makarantarmu ta koma ɗalibi guda, wanda ba ya ƙin a tashi da wuri. Nakan buga murfin tukunya in ajiye kofi biyu, in mayar da ɗaya.

Wata la'asar wayata ta yi ƙara, ba ranar Juma'a ba. Hajiya ce, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, sai ɗaga murya take don kwano ya rikice a kanta. Ta juya wayar ta nuna mini tsakar gida. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, indararo yana zuba, yara birjik suna tsalle a ƙarƙashinsa. Can na hango yarinyar, ba ɗankwali, kitson da ba ni na yi ba, baki buɗe tana ihu da dariya. Ban taɓa sanin tana da murya haka ba. Kewarta ta kama ni har na manta ban gaida Hajiya ba, kuma na ji daɗi, duka biyun a lokaci guda.

Hajiya ta ce bari ta kira mini ita.

Na ce a'a, a bar ta. Na roƙe ta dai kada ta kashe wayar tukuna.